Firebase a gasar hakaton ta Garwa: abin da na gani da idona

Jama'a tun da muka dawo daga gasar hakaton nan ta Garwa a Kamaru, wato gasar haɗa manhaja cikin ɗan lokaci, ake ta tambayata wai da me muka haɗa manhajar ƙirga taku cikin kwana biyu, to bari in amsa gaba ɗaya. Firebase muka yi amfani da shi, na kamfanin Google ne, sun saye shi tun 2014. Aikinsa shi ne ya riƙe maka bayanan masu amfani da manhajarka a kan kilawud, wato kwamfutocinsu da ake kaiwa ta intanet, ba sai ka yi hayar saba, wato kwamfutar ajiye bayanai, ko ka zauna kana gadinta ba.

Mu huɗu ne, kuma dabarar daga wajen kawuna ta fito, don likita ya ce masa hawan jini ya kama shi sai ya dinga tafiya a ƙasa, shi kuma kullum bayan asuba sai ya zagaya wajen filin wasa na Roumdé Adjia kafin rana ta buɗe, amma bai san nawa ya taka ba, 'ya'yansa da ke Yaounde ma ba su sani ba sai dai su kira ya ce alhamdulillahi. Muka ce bari mu yi abin da zai ƙirga masa, iyalinsa kuma su gani.

Abin da ya saye zuciyata wallahi shi ne Firestore, wato rumbun bayanan nasu, yana aiki ko babu rezo, wato layin sadarwa. A Android haka yake zuwa a kunne, ba ka taɓa komai ba. Daren farko rezo ya ɗauke mana kusan awa uku, kuran ma, wato wutar lantarki, ya bi bayansa, muna zaune da fitilar waya cikin zafin nan na Garwa, ɗaya daga cikinmu ya fita yana ta zagaya tsakar gida da wata tsohuwar Tecno don gwaji, da rezon ya dawo sai ga takunsa duka sun hau da kansu, ko ɗaya bai ɓace ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Marwa da waya a hannu ya san darajar wannan. Mutanenmu ba kullum suke da data ba, wani sai ranar kasuwa yake saka kredi, manhajar da ba ta iya haƙuri da wannan ba ta mu ba ce.

Rajista da imel kuwa ko awa ɗaya ba ta ci mana ba, ba abin da zan ce a kai.

Tsarin kyautan nasu sunansa Spark, yana ba ka rubutu (tura bayani cikin rumbun) 20,000 da karatu (ɗauko shi) 50,000 a rana, da wuri giga 1. Da farko kowane taku muke turawa shi kaɗai, kafin la'asar mun kusa cinye rabon yinin, kuma sai tsakar daren Kalifoniya yake sabuntawa, wato wajen takwas ko tara na safe a nan. Sai muka gyara, wayar ta tara takun ta tura jimla lokaci-lokaci. Idan mutum ɗaya yana turawa sau 20 a rana kun ga mutum 1,000 za su shiga ba a biya ko sefa ɗaya ba.

Amma ku sani tun wuri, Cloud Functions, wato gudanar da ayyukan manhajarka a kan kwamfutocinsu, da tura lambar tabbaci ta SMS suna buƙatar tsarin Blaze na biyan kuɗi, shi kuma sai da katin banki, alhali yawancinmu kuɗinmu a waya yake. Wannan ya dame ni sosai don dattawa irin kawu lambar waya suka sani ba imel ba. Haka kuma wurin da za a ajiye rumbun, da zarar ka zaɓa ba ya canzuwa, mu Beljiyam muka ɗauka.

Ba mu ci gasar ba, na uku muka zo. Ga ɗalibi ko mai koyo da ke da kwana biyu kacal ina ba shi shawarar Firebase ba tare da shakka ba. Kawu yanzu sati uku kenan yana amfani da ita, jiya ya aiko min hoton allo taku 6,200, ya ce ɗana a ƙara girman rubutun don ba ya gani sai da tabarau, shi nake kai yanzu.