Tukunyar matsin tururi ta lantarki mai lita 6: ta yi, amma da sharaɗi

Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa kan tafasa a wajen digiri 96, shi ya sa wake ke cinye gas kafin ya nuna. Wannan tukunya mai wat 1,000 tana gama shi cikin minti 30 zuwa 40.

Wajen tsaro ba laifi. Murfin ba ya buɗuwa muddin ɗan ƙarfen da ke tasowa a samansa bai sauka ba, ko da an ɗauke wuta. Kada a tilasta masa. Matsalar tana wajen cikawa: wake da shinkafa kada su wuce rabin tukunya, domin kumfa da ɓawon wake na toshe ƙofar tururi, sai ta yi feshin romo mai zafi. In ta gama, a bar ta ta huce minti 15. Robar murfi in ta saki ko ta tsage, a sauya.

Wayarta gajeriya ce, amma a soket ɗin bango za a jona ta. Masu sayen ta gwanjo a kasuwar Taminus ta Jos su duba rubutun da ke ƙasanta: ta Amurka mai bolt 120 ƙonewa take yi a wutarmu ta 230.