Kyan ɗan maciji: wata huɗu da manhajar tunatar da shan magani

Tauraro biyu na ba ta. Da farko biyar na bayar, har da dogon yabo, sai da na koma na goge wancan sharhin da hannuna saboda kunyar kada wani ya karanta ya sauke ta a kan maganata.

Mahaifiyata tana zaune a wurina, kuma ni ke kula da magungunanta. Kala huɗu take sha, biyu da safe, biyu da dare. Shekara biyu ina amfani da wata tsohuwar manhaja mai muni, wadda in ka buɗe ta sai ka ce takardar jarrabawa ce: baƙin rubutu manya-manya, akwatuna masu kauri, jan maɓalli guda kamar na kashe gobara. Ba ta taɓa yi mini laifi ba, na dai gaji da kallonta. Ranar da na ga hotunan wannan sabuwar, ko minti ɗaya ban yi ba na sauke ta, a satin kuma na biya kuɗin shekara.

Gaskiya ta haɗu. Farin fili wasai, kowane magani da ɗan katinsa mai zagayayyun gefe, launuka masu sanyi kamar an wanke su. In ka danna alamar an sha magani, wani ɗan zobe kore yakan cika a hankali, wayar ta ɗan motsa a tafin hannunka. Ni babba da ni, na riƙa jiran lokacin magani don in ga zoben nan ya cika. Duk wanda ya tambaye ni, amsata ɗaya ce: sauƙinta ya fi na tsohuwar nesa ba kusa ba. Yanzu da nake tunani, ban san a ina na samo wannan hukuncin ba, domin tun ranar farko sai da na shafe kusan rabin awa ina neman inda ake ƙara sabon magani. Ashe wata 'yar alama ce siririya a can kusurwar sama, babu ko kalma ɗaya a ƙarƙashinta. Da tsohuwar ce ta wahalar da ni haka, da na zage ta tas. Wannan kuwa sai na ce ai ni ne ban waye ba.

To ga abin da ya faru. A wata na uku likita ya ƙara wa Mama maganin hawan jini na dare, wato na huɗun kenan. Na shigar da shi, ƙararrawa tana bugawa, ina ba ta. A jikin kowane kati akwai abu biyu dab da juna: ɗan da'irar da kake dannawa in an sha, da wani ɗan makunni da ake turawa gefe don kunna tunatarwar ko kashe ta. In yana kunne, kore ne mai haske. In yana kashe, ruwan toka ne mai haske. Wani dare, da kofin ruwa a hannu ɗaya, na kai babban yatsa zan danna da'irar, ashe makunnin na taɓa. Wayar ta yi ɗan motsin nan nata mai daɗi, na ajiye ta na kwanta. Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Ba ta ce mini komai ba washegari.

Ɗaya maganin daren ya ci gaba da bugawa a kan lokacinsa, don haka kunnena bai ji an rasa komai ba. Sabon kuma bai riga ya zauna mini a kai ba. Kwana tara Mama ba ta sha shi ba. Tana cewa kanta na sarawa, ina cewa gajiya ce.

Ranar da muka koma asibiti aka auna ta, jinin ya hau. Likita ya dube ni ya ce, tana shan sabon kuwa? Na ce ƙwarai, ko sau ɗaya ba mu tsallake ba. Har da ciro waya ina nuna masa shafin taƙaitawa, ga zobe kore cike fal, an rubuta 100% a tsakiya. Abin da ban sani ba, maganin da aka kashe tunatarwarsa ba a lissafa shi kwata-kwata, sai manhajar ta ci gaba da yaba mini a kan ukun da suka rage. Likitan har ya fara maganar ƙara ƙarfin maganin. Wata nas ce ta ce in miƙo katin maganin ta gani. Ta ƙirga ƙwayoyin da yatsa, ta ɗago ta ce, "Malam, wannan ai bai ragu yadda ya kamata ba." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Mama ta ce, "Ƙyale shi, 'yata, yana iya bakin ƙoƙarinsa." Wannan maganar ta fi mini zafi a kan faɗa.

Alhamdu lillahi babu abin da ya same ta, cikin 'yan kwanaki jinin ya sauka. Amma da an ƙara mata ƙarfin magani a kan shaidar zoben nan fa?

A daren na zauna ina ta ɗora wa kaina laifi, ina cewa idona ne ya fara rauni, ko kuma sakaci ne. Ƙanina da ke aikin zana shafukan intanet ya karɓi wayar ya jujjuya ta, ya ce, "Yaya, daina zagin kanka, wannan ba idonka ba ne." Ya ce akwai ƙa'idojin sauƙaƙa amfani da shafukan intanet da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar, ana kiransu WCAG, waɗanda suka ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da filin da yake kai kada ya gaza 4.5 bisa 1, na maɓallai da makunnai kuma 3 bisa 1, sannan kada a dogara da launi kaɗai wajen sanar da mutum abu. Ya ɗauki hoton fuskar wayar ya auna, toka-tokar nan ko kusa ba ta kai ba. Ya kuma ce Apple na ba masu manhaja shawarar duk abin da za a taɓa da yatsa ya kai 44 a tsawo da faɗi a ma'auninsu, Google kuma 48, kimanin milimita 9 kenan. Da'irar tawa da makunnin duk ba su kai ba, ga su manne da juna kamar tagwaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin da ya ba ni na na'urar ATM. A 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, sun nuna wa mutum 252 tsarin fuskar ATM iri 26, suka ce kowa ya faɗi wanne ya fi kyau, wanne kuma yake ganin zai fi sauƙin aiki. Sai aka ga wanda mutane suka ce ya fi kyau, shi suke kira mai sauƙi, fiye da yadda ainihin tsarinsa ya cancanta. Wani mai bincike, Noam Tractinsky, ya maimaita gwajin a Isra'ila a 1997 yana zaton abin na Japanawa ne kawai, sai ya tarar alaƙar ta ma fi ƙarfi a can. Ƙanin nawa ya ƙara da cewa a 2006 Gitte Lindgaard da abokan aikinta a Jami'ar Carleton ta Kanada sun nuna cewa kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke ko shafi ya burge shi. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Wato tun kafin in shigar da magani ko ɗaya na riga na gama yanke hukunci, sauran wata ukun kare shi kawai nake yi.

Kada in zalunce su, kyan nan ba banza ba ne gaba ɗaya. Tsohuwar manhajar sai ƙararrawa ta buga nake buɗe ta, wannan kuwa ina leƙa ta da kaina. Shafin da ke nuna awon jini na wata-wata a zane ya fi duk wanda na taɓa gani, likita ma ya yaba shi kafin asiri ya tonu. Ƙararrawarta ba ta taɓa makara ba, ba ta cin batir, kuma ko babu data tana aiki. In mutum magani ɗaya yake sha, idonsa garau, ina jin zai ji daɗinta. Har na fara tunanin in ba ta tauraro uku.

Sai na tuna saƙon da na aika musu. Na rubuta komai dalla-dalla, har da hoton kati a kunne da kati a kashe gefe da gefe, na ce su da kansu su faɗa mini wanne ne wanne daga nesan hannu. Na roƙi abu biyu kawai: a rubuta kalmar "a kashe" ɓaro-ɓaro a jikin katin, kuma a riƙa tambaya kafin a kashe tunatarwar magani. Bayan kwana shida amsa ta zo, cikin wasiƙa mai kyan tsari ita ma, da ɗan hoton zuciya a ƙasa. Sun gode da ra'ayina, suna ba ni shawarar in ƙara hasken wayata. Hasken wayata! Manhajar da in za ka fita daga asusunka sai ta tambaye ka sau biyu ko ka tabbata, in za ka soke biyan kuɗi kuwa shafi uku za ka ratsa da manyan maɓallai masu launi suna lallashinka, ita ce ba ta iya tambaya sau ɗaya kafin ta yi shiru a kan maganin tsohuwa. Ashe sun san yadda ake sa abu ya fito fili in sun ga dama. Maɓallin "ci gaba da biya" ko daga bakin ƙofa ka hango shi.

Wata sabuntawa ta zo bayan nan, na buɗe da ɗoki ko sun gyara. Sun ƙara launuka shida da mutum zai zaɓa wa zoben. Makunnin yana nan yadda yake.

Kuma rubutun nan nasu siriri, tun farko Mama ba ta iya karanta shi ko da tabarau. Na je saitin waya na ƙara girman rubutu, sauran manhajoji duk suka bi, ita kuwa sunayen magunguna suka yanke a tsakiya, sai ɗigo uku. Biyu daga cikin magungunan Mama da haruffa iri ɗaya suka fara. Wannan ma a lokacin ban kawo shi a laifi ba, na mayar da rubutun ƙarami na ci gaba da ƙanƙance ido.

Na koma wa tsohuwar mai munin. In ka kashe tunatarwa a cikinta, katin gaba ɗaya yakan koma ja, da rubutu babba a kai, kuma kullum da safe sai ta yi maka mita har ka kunna ko ka goge maganin. Da can wannan mitar ce ke ba ni haushi. Na kuma sayi akwatin roba mai gida-gida na kwanakin mako, ina zuba ƙwayoyin duk ranar Lahadi, in dare ya yi in ga gidan ranar babu komai da idona. Sabuwar tana nan a wayar tukuna, domin kuɗin shekarata bai ƙare ba kuma sun ce ba a mayarwa. Jiya ma ta aiko mini da sanarwa wai ta yi kewata.