Bargon Amish da na Gee's Bend: ina bambancin?

Yaya, kin turo hotuna biyu na bargon ƙyallaye na Amurka, na Amish da na Gee's Bend, kina tambaya ko na biyun aikin 'yar koyo ne, tunda duk ya karkace. Wallahi ba koyo ba ne.

Gininsu ɗaya: ƙyallaye a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, allura ta ratsa duka ukun. A hannun masu ɗinkin ne suka rabu.

Amish Kiristoci ne masu gudun ƙawa, kuma na yankin Lancaster a jihar Pennsylvania sun fi suna a wannan sana'a. Tsofaffin bargunansu na yadin ulu ne mai launi zalla, ba zane ko ɗaya, an yanka shi manya-manya bisa awo, da faffaɗan baki kewaye. Daga nesa sai ki ce ba wani aiki. Matso kusa ki ga sawun allura, ƙanana reras da baƙin zare, sun fitar da gashin tsuntsu da furanni. Gwanintarsu a allura take.

Ta matan Gee's Bend kuwa a ido take. Ƙauye ne a Alabama da kogi ya kusa zagayewa, mazaunansa jikokin bayin da suka noma auduga a wurin. Shi ya sa da yawansu ke amsa sunan Pettway, ubangidan da gonar ta koma hannunsa a 1845. Sanyi na kutsowa ɗakunan katako, ga babu kuɗin yadi, sai suka farke tsofaffin wandunan gona. Dubi bargon sosai: ga inda gwiwa ta koɗe, ga tabon shuɗi mai duhu inda aka cire aljihu. Mace ta san tsarin sarai, da gangan take sauka daga layi. Sai a 2002 duniya ta farga, da aka baje kolin bargunansu a birnin Houston, sannan a gidan adana kayan fasaha na Whitney da ke New York. Hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hoton bargunan Amish a kan sarki a 2001, na Gee's Bend kuma a 2006.

Ni dai na Gee's Bend ya fi taɓa min zuciya. In koyo za ki yi, kuma guntayen yadi kike da su, fara da salonsu. Na Amish sai hannunki ya faɗa, don yadi marar zane ba ya rufa wa ɗinki asiri.