Kwana 6 a kogin Rewa, kifi ɗaya tal na kama

Jama'a tunda na dawo daga kamun kifi a ƙasar Guyana da ke Kudancin Amurka ake ta tambayata wai kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa, to bari in amsa sau ɗaya kowa ya ji. Ta biya wallahi, duk da kwana 6 muka yi a kan ruwa kuma arapaima ɗaya kacal, wato ƙaton kifin da na je nema, ya zo hannuna.

Hanyar ma kanta aiki ce. Daga Jojtawun, babban birnin ƙasar, muka hau ƙaramin jirgin sama zuwa ƙauyen Annai, daga nan kwale-kwale mai inji ya bi da mu kogin Rupununi awa da awanni har inda Rewa ke zubowa cikinsa. Kamfanin da ya haɗa min tafiyar kam ya ɓata min rai, ko sau ɗaya basu ce min ana tsananta awon kaya a ƙaramin jirgin ba, sai a filin jirgi na tsuguna ina zazzage jaka, dole na bar kusan rabin kayana.

Ga wanda bai sani ba, wannan kamun ba a sa tana ko nama a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaure mata har ta yi kama da ƙaramin kifi, kuma nauyin igiyar ne ke kai ta nesa, shi ya sa sai kayi ta lilo da ita a sama kafin ka saki. Sanda mai lamba 12 ake riƙewa saboda girman kifin, kafin azahar kafaɗa ta fara ciwo.

Shi arapaima iska yake shaƙa, duk bayan minti 10 zuwa 20 sai ya taso ya haɗiyi iska ya koma, kuma yana wuce mita 2 a tsayi. Anan ne na sara wa 'yan ƙabilar Makushi, mutanen yankin, da suka yi mana jagora. Mun ja kwale-kwale ta cikin kurmi zuwa wani tafki, mai tuƙa ni yana tsoma filafili ko ɗigon ruwa baka ji, kifi ya taso can gefe ya nutse, ni dai da'ira kawai na gani a kan ruwa amma shi daga kumfar da ta biyo baya ya gane inda ya dosa, sai ya nuna min da baki yace in jefa ƙugiya gaban kifin kaɗan in bari ta nutse. Sau 3 yana kamawa yana kuɓucewa don bakinsa ƙashi ne zalla, ni kuma ina ɗaga sanda maimakon in fizgi igiyar da hannu. Bawan Allahn nan ko tsaki bai yi ba.

Rana ta 5 ƙugiya ta shiga bakin wani. Da ya yi tsalle ya girgiza kai sai da gwiwata ta yi sanyi, jan launin da ke gefen ɓawon jelarsa har yanzu ina ganinsa. Ba a tafiya da shi, sakinsa ake yi, ƙugiyar ma an danne haƙorinta don ta fita da sauƙi. Mu uku muka shiga ruwa har ƙirji muka tallafe shi, aka jira sai da ya ɗago ya ja numfashi tukuna aka sake shi, mutum ɗaya kuma na tsaye a jirgi yana gadin kada, don akwai baƙaƙen kadoji a wurin.

In zaka je, ka ɗauki riga mai dogon hannu saboda wasu ƙananan ƙudaje da suke kira kabura, cizonsu ya fi na sauro ƙaiƙayi. Kuma don Allah ka yi wata guda kana koyon jifa da babbar sandar tun a gida, kar ka ƙona kwana 4 a kai kamar yadda nayi.