Lion King na Landan ko na yawo? Amsar tambayar Maman 'yan biyu

Salam 'yan uwa. Maman 'yan biyu na ga tambayarki tun jiya da daddare, na bari ne sai yara sun tafi makaranta in zauna in amsa miki a tsanake, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda saƙon ya wuce su, cewa ta yi 'yan biyunta sun cika shekara bakwai, sun haddace katun ɗin Lion King tas, tana so ta kai su su ga wasan a dandamali, sai wata ta ce mata wai wanda ke yawo gari gari ragagge ne, na Landan shi ne na gaske. Toh ta jira ya sake zagayowa Bradford, ko ta daure ta kwashe su zuwa Landan?

Ni dai Allah ya sa na ga duka biyun. Na yawon mun gan shi a Palace Theatre nan Manchester lokacin da ya zauna mana daga ƙarshen 2022 har farkon 2023, ni da maigida da yaranmu biyu, na Landan kuma na gan shi daga baya a gidan wasan Lyceum da muka je hutu gun yayata. Kalmar ragagge ɗin nan ce ban yarda da ita ba sam. Wasa ɗaya ne. Labari ɗaya, waƙoƙi ɗaya, kayan sawa ɗaya, tsawon ma ɗaya, wajen awa biyu da rabi har da hutun tsakiya, kuma duk tsarin mace ɗaya ne, Julie Taymor, wadda ta shirya shi tun 1997 a Amurka, a kansa ne ma ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Tony, babbar kyautar wasannin dandamali ta Amurka, a fannin bada umarni a wasan waƙa a 1998. Kamfanin Disney ne ke riƙe da duka biyun, ba wasu ne suka kwaikwaya ba. Amma bambanci akwai shi, kuma gara ki san inda yake kafin ki cire kuɗinki.

Babban bambancin yana ƙarƙashin daɓe ne. Wasan yana zaune a Lyceum tun 1999, kin ga gidansa ne, an shirya masa ƙarƙashin dandamalin da injina yadda ake so. Dutsen sarautar nan da ake ɗaga jaririn zaki a kansa, a Landan daga cikin ƙasa yake fitowa, yana murɗawa yana tashi a hankali da sarki da matarsa a kai, wallahi lokacin da ya fara tasowa sai da na ji tsigar jikina ta tashi duk da na san abin da zai faru. Na yawo ba shi da wannan damar, don ba za ka je gidan mutane na 'yan makonni ka ce za ka farke musu ƙasa ba, nasu daɓen suke zuwa da shi a tirela su shimfiɗa a kan na masu gida, saboda haka dutsen nasu a kan taya yake, daga gefe yake sulalowa ya zagayo tsakiya. Haka wurin da 'yan rawa ke ɗauke da faifan ciyawa a ka su zama daji, a Landan tsirowa suke daga ƙasa kamar shuka bayan ruwan fari, abin gwanin kyau, a na yawo kuwa wata dabarar aka yi wajen shigo da su. A nan ne masu bin wasannin nan suke ta ja in ja, wasu su ce in dutsen bai fito daga ƙasa ba to an cire wa buɗewar rai, wasu su ce ai wanda bai taɓa ganin na Landan ba ba zai san ya rasa komai ba. Ni ina tare da na biyun, amma da sharaɗin in faɗi gaskiya, na Landan ya fi a wannan wurin, ba gardama. Sai dai duka duka abin bai fi 'yan mintoci ba a cikin awa biyu da rabi.

Abin da ke sa mutum ya riƙe baki a wasan nan ba inji ba ne, mutane ne da 'yan tsana, sama da 200 ake amfani da su, kuma wannan ɓangaren ba a taɓa shi ba a na yawo. Dabarar Julie Taymor ita ce ba a ɓoye mutum a cikin dabba, a bar ki ki ga duka biyun lokaci guda. Fuskar zakin tana saman kan ɗan wasa kamar hula, tasa fuskar a buɗe, in ransa ya ɓaci ya sunkuya sai fuskar zakin ta zazzago gabansa. Raƙumin dawa mutum ne a kan dogayen sanduna huɗu, hannu biyu ƙafa biyu. Giwa mutum huɗu ne, kowa a cikin ƙafa ɗaya. Akwai wurin da matan zakuna ke makokin sarki, sai su jawo dogayen fararen ƙyallaye daga idanun fuskokin nan a matsayin hawaye, abu mai sauƙi haka amma 'yata ta damƙe hannuna ta ƙi saki. Ni abin tashe ya tuna min, yadda yaran unguwarmu ke samun buhu da auduga da bula a goman tsakiya na azumi, kowa ya san ɗan gidan wane ne a ciki amma ana kallo ana jin daɗi, to wannan irinsa ne sai dai an zuba masa kuɗi da ƙwarewa na fitar hankali.

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni da kyau, don a ganina shi ne ya fi garin da za ki je muhimmanci. Kujera. A buɗewar wasan dabbobin nan ta cikin 'yan kallo suke shigowa, ta layukan da ke tsakanin kujerun ƙasa, waɗanda ake rubuta stalls a jikin tikiti. A Manchester da yake ba kuɗin jirgi ba kuɗin masauki, sai muka zuba kuɗin a kujerun ƙasa kusa da layi, dabbobin suka bi ta gefenmu har ina jin motsin yadin jikinsu, ɗana ya miƙe tsaye bai ma san ya miƙe ba. A Landan kuwa can sama muka zauna a bene na ƙarshe, Grand Circle, don shi ne aljihu ya iya a lokacin, daga can kina ganin tsarin rawa gaba ɗaya da yadda rana ke fitowa a bayan dandamali, da kyau ƙwarai, amma dabbobin sai sun kusa hawa dandamali kike ganinsu, kina jin mutanen ƙasa suna ta shewa ke ba ki ga abin da suke wa ba tukuna, kuma fuskokin 'yan wasa sun yi nisa. Toh kin ga, na ga wanda aka ce ya fi daga wurin da bai kai ba, na ga wanda aka ce ragagge ne daga wuri mai kyau, kuma har yau in aka tambayi yarana na Manchester suke ba da labari.

Maganar 'yan wasa kuma, nan ma ra'ayi ya rabu. Na Landan sun samu mutanen da suka daɗe, Shaun Escoffery mai fitowa a sarki Mufasa da George Asprey mai fitowa a mugun ƙaninsa Scar tun 2008 suka shigo tare suka yi shekaru sama da goma suna yi, kin san mutum biyu in sun daɗe suna aiki tare ko kallo ɗaya ya yi ɗayan ya gane, babu gaggawa a maganarsu, kowace kalma tana zama daram. Masu son na Landan wannan natsuwar suke yabo. Masu son na yawo kuma cewa suke nasu sun fi zafi da kuzari, don duk garin da suka sauka sabbin 'yan kallo ne da suka yi shekaru suna jira, kuma gaskiya na ji wannan a Manchester, tafi kamar rufin zai tashi. Mufasan da muka gani a zagayen Bafaranshe ne, Jean-Luc Guizonne, muryarsa mai kauri, Turancinsa da ɗan karin harshensa a ciki, kuma ni hakan ya ƙara min daɗi, don sarkin dajin Afirka ba dole ne ya yi magana kamar mai karanta labarai a Landan ba. Duka biyun kuma suna ɗauko mawaƙa daga Afirka ta Kudu, musamman mai fitowa a Rafiki, birin nan da ke ɗaga jaririn zaki, wanda a katun namiji ne amma a dandamali aka mai da shi mace, ita ce ke buɗe wasan da kiran nan mai ratsa jiki. Lebo M, ɗan Afirka ta Kudu, shi ne ya tsara yawancin amshin nan da ake yi da Zulu da sauran harsunansu, sunan Simba, ɗan sarkin, kuma Swahili ne. Ki gaya wa yara tun a gida cewa ba za su ji Hausa ba, Afirkar kudu da gabas ce, don nawa sun yi ta tambayata me ake cewa.

Shawarata kar ki sayi tikiti saboda sunan wani ɗan wasa. Kusan kullum suke yi, wasu ranakun sau biyu, ana hutu ana rashin lafiya, mai jiran gado yana iya hawa a ranar da kika je, kuma su ma ƙwararru ne. Ƙaramin Simba da ƙawarsa ƙaramar Nala ma yara da yawa ne ke karɓa karɓa saboda dokar ƙasar nan ta kayyade awannin aikin yara, ko a Landan ko a yawo ba ki da zaɓin wanda za ki samu, kuma rabin farko kusan duk a wuyan yaran nan yake.

Wani abu da na san iyaye irinmu za su so sani, kuma iri ɗaya ne a duka biyun. Rafikin nan an gina ta ne a kan masu maganin gargajiya na Afirka ta Kudu, kamar dai boka a wurinmu, sannan akwai wurin da fuskar uban da ya mutu ke haɗuwa a sararin sama yana yi wa ɗansa magana. Mu mun zauna da namu kafin mu je muka ce tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi, mamaci ba ya dawowa, aka wuce wurin. Mutuwar sarki a turmutsutsun namun daji da shigowar kuraye suna iya tsorata ƙaramin yaro, ga ganguna a gefe da gefe da ƙara sosai, shi ya sa su da kansu suke cewa daga shekara shida ya fi dacewa, 'yan ƙasa da shekara uku ma ba a barinsu shiga. Naki masu bakwai sun yi daidai.

Toh a jira ko a tafi? Da a ce yanzu haka na yawon yana Alhambra a Bradford kamar yadda ya zo muku a 2022, da ba zan ma yi dogon bayani ba, cewa zan yi ki sayi kujerun ƙasa kusa da layi ki bar Landan. Matsalar ita ce ba duk shekara yake zagaye ba. Zagayen farko a Bristol ya fara a 2012, na biyu sai 2019, shi ma korona ta katse shi sai daga baya aka ci gaba har 2023. Shekara bakwai ke nan tsakanin farawa da farawa, in kika ce za ki jira irin wannan tazarar 'yan biyunki sun zama 'yan sakandare, lokacin da giwa ta wuce ta gefensu sai dai su ɗaga waya. Wannan shekarun da suke ciki su ne na abin. Saboda haka ki duba shafinsu, in ba a sanar da zuwansa kusa da ku ba, ki tafi Landan, amma ki rage a wani wurin ki ƙara a kujera. Ki sayi tikitin jirgin ƙasa da wuri, kusan awa uku ne daga wurinku, ki ɗauki wasan rana ki dawo a ranar ba sai kin kama otal ba, abinci ki ƙullo daga gida, in da hali ki kauce wa Asabar da lokacin hutun makaranta don kuɗin tikiti yana hawa da sauka ne gwargwadon rububi.

Wasan rana yawanci ƙarfe biyu da rabi yake farawa ya kai wajen biyar, in lokacin sanyi ne kin san magariba kafin huɗu take yi a Disamba, ki tsara sallolinki tun kafin ki shiga. Ki tambayi ma'aikatan wurin matashin da ake ɗora wa yara a kujera don su hango da kyau, da wuri ake ɗauka. Kuma don Allah ku isa da akalla rabin awa, a kai yara bayi tun kafin a zauna, don in an fara shigo da dabbobi ana tsayar da waɗanda suka makara a waje har sai an gama buɗewar, kuma ita ce kika biya kuɗin kujerar ƙasa dominta.