Gargaɗi kan mai tallan "wardin Ɗa'ifa" a Damagaram

Jama'ar Damagaram, musamman mata masu son shuka a tsakar gida da masu haɗa humra da turaren wuta, ku saurara. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallan itacen fure da ya sa wa suna "wardin Ɗa'ifa", wai irin na garin Ɗa'ifa da ke Saudiyya. Ni ya ci mini jika 24. Da kuɗin ne kaɗai da na haƙura na yi shiru, don ko faɗa ma abin kunya ne. Abin da ya sa na ɗauko waya nake wannan rubutu shi ne, cikin abin da yake sayarwa akwai guba, kuma da bakinsa yake ce wa mutane su zuba furen a shayi.

A zauren adashenmu na fara ganin tallan, cikin watan Nuwamba. Hotuna 6 ne da saƙon murya. A hoton, itace ne gajere mai yawan rassa, bai wuce ƙugun mutum ba, ya cika da fure ruwan hoda har ganye ba ya ganuwa. Muryar kuwa ta natsattsen mutum, ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya ce shi ɗan ƙasa ne da ya daɗe yana aiki a gonakin wardi na Saudiyya, ya taho da iri don ƴan'uwa su amfana. Ya ce itacen ba ya jin zafi, ruwa sau 1 a mako ya ishe shi, yana fure shekara zagaye, kuma da furensa ake yin ruwan wardin da alhazai ke kawo mana tsaraba. Duk wadda ta taɓa buɗe kwalbar nan ta san inda maganar ta taɓa mu. Mu 9 muka saya a zauren.

Tsarinsa shi ne rabin kuɗi tukuna, ta wurin masu aiken kuɗi, sauran in kaya sun iso. Leda 1 ta dashe jika 5, ƙunshin iri jika 4. Na ce a ba ni leda 4 da ƙunshi 1. Da na tambaye shi inda garkarsa take in je in gani, ya ce tana wajen gari, hanya ba kyau, "Hajiya kar ki wahalar da kanki". Daga nan ya kamata in farga. Bayan kwana 3 wani yaro ɗan kabu-kabu ya kawo kwali, ya karɓi cikon kuɗi ya tafi. Da na tambayi yaron daga ina, ya ce shi dai a tasha aka ba shi.

Leda 2 na ɗauke da reshe mai ƙaya da ganye kore shar, ɗaya ma har da ɗan fure bai buɗe ba. Sauran 2 sanduna ne kawai an aske musu ganye tas. Na kira shi, ya ce an cire ganyen ne saboda tafiya, kuma su ne "sabon iri mara ƙaya", sun fi tsada ma, ya bar mini ne a farashi ɗaya.

Duk wanda ke zaune a garin nan ya san darajar ruwa. Ranar da famfo ya ɗauke, bido nake saye wurin ƴan ga-ruwa, in raba shi tsakanin girki da waɗannan ledoji. Masu ƙayar nan kwana 10 ba su cika ba suka sunkuyar da kai, ganye ya yi baƙi daga gefe, reshen ya fara baƙi daga ƙasa. Na ja ɗaya a hankali, sai ya fito salin alin kamar an zare tsinke daga tuwo. Babu saiwa ko ɗaya. Gindin an yanke shi a karkace da reza. Furen ado ne irin wanda ake yankowa ana ɗaurewa don biki, aka soka a ƙasa. Na tura masa hoto, ya ce ruwa na cika musu. Na yarda, don ban taɓa shuka wardi ba.

Su kuwa sandunan nan marasa ƙaya sai suka kama. Suka yi toho, suka miƙe, hunturu bai dame su ba, zafin Afrilu bai dame su ba. Ganyen dogo ne siriri mai kauri. Raina ya ɗan yi mini wani iri, don kamar na san ganyen, amma na ce ai ya faɗa sabon iri ne. A watan Mayu suka yi fure, ruwan hoda, mai ninki-ninki, da ɗan ƙamshi. Har hoto na sa a zaure ana ta yi mini barka.

Matar ƙanena tana haɗa humra da turaren wuta na sayarwa. Ita ta zo da faranti ta tsinke furen, ta shanya a inuwa, da niyyar rabi ta jiƙa ta gwada ruwan wardi, rabi mu zuba a shayi kamar yadda mutumin ya ce. Allah da ikonsa, ran nan wani dattijo mutumin Mirya da ke kawo mana taki da dashen lemo ya shigo. Ya aje buhu, ya dubi itacen, ya dubi farantin.

Ya ce, "Hajiya, wannan da kuka shanya na mene ne?"

Na ce, "Baba, wardi ne, na shayi."

Ya yi salati. Ya ce, "Wa ya sha?"

Na ce babu wanda ya sha tukuna. Sai ya zauna a kan turmi, ya ce a kawo masa ruwa ya wanke hannu, don ya riga ya taɓa reshen. Ya ce, "Ɗiyata, wannan ba wardi ba ne. Loriye-roz ne. Shi ne fa wanda kike wucewa kullum a ƙofar ma'aikatu da otal-otal. Mu ko kusa da dabbobi ba ma dasa shi."

Jikina ya yi sanyi, don da ya faɗa sai na gane shi sarai. Sau nawa na wuce shi a hanyar Kasuwar Dole ban ɗaga kai ba. Na san mai fure falle ɗaya, wannan mai ninkin ne ya ruɗe ni, da kuma sunan Ɗa'ifa da aka liƙa masa.

Wanda ke son ya duba da kansa, sunansa na kimiyya Nerium oleander. Faransawa na ce masa loriye-roz, kuma wannan "roz" ɗin da ke cikin sunan shi ne mafakar macucin in an kama shi. Ba dangin wardi ba ne ko kaɗan. Ganyensa, furensa, reshensa, saiwarsa, duk guba ne, ɗanye ko busasshe. Gubar zuciya take kamawa: mutum ya fara amai da ciwon ciki da zawo da jiri, bugun zuciya ya rikice, in abin ya yi yawa a rasa rai. Yaro ƙarami kaɗan ya ishe shi. Hayaƙinsa ma ba lafiya ba ne, ku tuna kuwa da turaren wuta a ɗaki rufe, amarya ta lulluɓe da zane a kan kasko. Akuya ko tunkiya in ta ci ganyen da aka sassabe aka zubar tana iya mutuwa. Ba a yin asuwaki da reshensa, ba a tsire nama da shi, ba a sa shi a murhu.

Banbance su ba wuya in an nuna wa mutum sau ɗaya. Ganyen wardi ƙanana ne jere a sanda guda, yawanci 5 ko 7, biyu-biyu suna kallon juna ɗaya a ƙarshe, bakinsu da haƙora kamar zarto, reshen kuma yawanci da ƙaya. Ganyen loriye-roz ɗaya ne tilo, dogo kamar wuƙa, bakinsa sumul, yana fitowa uku-uku a gaɓa, babu ƙaya, in an karya reshe ruwa mai danƙo ya fito. Wata daga cikinmu kuma da muka je gidanta, abin da aka ba ta kariya ce, wadda muka sani tun muna yara, mai ƙaton gindi, wadda Faransawa ke kira wardin hamada. Ita ma ruwan jikinta guba ne.

Ƙunshin irin kuwa ban ma so in yi dogon bayani. Wasu baƙaƙen ƙwayoyi ne kamar yashi, na shuka, wani haki ya fito. Ƙwayar wardi ta gaskiya ta kusa ta dawa girma, ruwan ƙasa-ƙasa, mai tauri, kuma yawancinta ba ta tsira sai ta yi makonni cikin sanyin firigo. Ko ta tsira ba lalle ta yi kama da uwarta ba, shi ya sa masu sana'ar ke yaɗa shi ta yankan reshe ko ta aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. A hotunan mutumin har da wardi shuɗi da mai launi bakwai a fure ɗaya. Babu itacen da ke yin wannan. Rini ne, ko aikin kwamfuta.

Wardin Ɗa'ifa dai akwai shi da gaske, ba shi ne ƙarya ba. Irin wardin Dimashƙa ne, ruwan hoda mai ƙamshi sosai, wanda ake nomawa kuma a Maroko da Turkiyya da Iran da Bulgeriya. Amma Ɗa'ifa a kan tsauni take, tsayin wajen mita 1,800, da sanyinta. Damagaram ko mita 500 ba ta kai ba, kuma a Afrilu da Mayu zafinmu na haura digiri 40. Can ma ba shekara zagaye yake fure ba, ƴan makonni ne wajen Maris da Afrilu, ana tsinkarsa da sassafe kafin rana ta kwashe ƙamshin, kuma sai an tara tan 3 zuwa 4 na fure kafin a tatsi kilo 1 na mai. To wanda ya ce miki ruwa sau 1 a mako a yashin nan namu, fure kullum, ki san da wa kike magana.

Ba wai wardi ba ya yi a nan ba. Yana yi, da wahala. Dattijon nan ya kai ni wurin wani mai renon itatuwa, na ga nasa da idona, fure a jiki, na sayi leda 1 bayan an tsaga gefenta na ga farar saiwa ta zagaye ƙasar. Ya ce kar in dasa sai sanyi ya shigo, Nuwamba ko Disamba, don ya kafu kafin bazara. A gabashin ɗaki, inda zai sha hantsi, inuwa ta rufe shi bayan azahar. Rami kamar rabin mita, a cakuɗa ƙasar da takin da ya ruɓe sosai, don ɗanyen taki ƙona saiwa yake yana kuma kiran gara. Ruwa da safe, a gindi, ya ratsa ƙasa, a lokacin zafi kusan kullum. Ni kusa da inda ake alwala na sa nawa, ruwan bai tafi a banza ba; na wanki da sabulu ne ba a zuba masa. Da hunturu ƙura na taruwa, wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani sosai su maƙale a bayan ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya bushe, maganinsu wanke bayan ganyen a kai a kai. Furen da ya gama a yanke shi saman ganye mai 5, sabo zai fito. Na shayi kuma sai wanda kin tabbata wardi ne kuma ba a yi masa feshi ba. Irin na ɗaurin biki ba na ci ba ne, cike yake da magani.

Da na kira mutumin na gaya masa abin da aka gani, bai ko daburce ba. Ya ce ai "roz" ya ce, kuma roz aka kawo. Na ce maganar shayin fa? Ya ce kuskuren yaron da ya haɗa kwali ne, zai musanya mini, in turo jika 3 kuɗin mota. Da na ce za mu je komisariya, waya ta mutu. Washegari lambar ba ta shiga, shafin ya ɓace. Mun haɗa takardun aiken kuɗi da saƙonnin muryarsa mu 9 mun kai ƙara. Sunan da ke kan takardun ba ɗaya ba ne, kala 3 ne.

Wadda ta saya wurinsa, ko aka ba ta kyautar reshe daga wadda ta saya, ta je ta duba ganyen yau. In dogo ne uku-uku, a kwashe duk furen da aka shanya ko aka jiƙa, a ɗaure a leda a binne da zurfi, kar a ƙona, kar a zubar a juji inda awaki ke kiwo. In an riga an sa a humra ko turare, kar a sayar wa kowa. Mai tumɓuke itacen ya sa leda a hannu, ya wanke da sabulu bayan ya gama. In kuwa wani ya sha ko yaro ya tauna, kar a tsaya ba da madara ana jiran a ga abin da zai faru, a wuce asibiti nan take da ganyen a hannu a nuna wa likita.

Makon jiya wata ƙawata da ke Zango ta turo mini wani talla daga zauren unguwarsu. Sabuwar lamba, sabon suna, yanzu "wardin Maroko" ne, har da ragi ga wanda ya ɗauki leda 5. Na buɗe saƙon muryar. Sallamar nan ce, da salatin, da "Hajiya kar ki wahalar da kanki".