Boulder Dash da Diamond Rush: dutsen ɗaya ne, gem ɗin daban

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya jiya: Diamond Rush ɗin nan da muka ƙarar da batirin Nokia a kansa, shi ne Boulder Dash da aka sake wa suna, ko kuwa kama ce kawai? Ɗan'uwa, amsar a taƙaice ita ce ba gem ɗaya ba ne, ba kuma kamfani ɗaya ya yi su ba. Akwai dai dangantaka, irin ta kaka da jikan da bai taɓa ganinsa ba.

Boulder Dash ya fito a 1984, a kan kwamfutocin gida na Atari. Mutum biyu 'yan Kanada ne suka ƙirƙire shi, Peter Liepa da Chris Gray, kamfanin First Star Software na Amurka kuma ya fitar da shi kasuwa. Daga nan ya bazu zuwa wasu kwamfutocin gida irin su Commodore 64 da Apple II da ZX Spectrum, ya isa NES, na'urar gem ta kamfanin Nintendo, a 1990. Shi kuwa Diamond Rush na Gameloft ne, kamfanin Faransa, ya zo a 2006 don wayoyi masu Java. Tazarar shekara 22 ke nan. Yawancinmu ba mu je neman sa ba, a cikin wayar muka tarar da shi, shi ya sa muka san jikan ba mu san kakan ba.

Abin da ya haɗa su doka ɗaya ce: ka cire abin da ke ƙarƙashin dutse, dutse ya faɗo. In ya sauka a kan wani dutsen, ya gangara gefe. A Boulder Dash ƙasa kake haƙawa, a Diamond Rush ganye kake sharewa, amma hannun da ya saba da ɗaya zai gane ɗayan cikin minti biyu.

Daga nan hanya ta rabu. A Boulder Dash kai ne Rockford, wani ɗan halitta mai manyan idanu wanda in ka bar shi tsaye sai ya fara ƙifta ido yana buga ƙafa a ƙasa, wai ka ɓata masa lokaci. Yana da gaskiya, domin agogo na tafiya. Kogo 16 ne, daga A zuwa P, kowanne da matakin wahala biyar, kuma ƙofar fita ba ta buɗewa sai ka tara adadin lu'ulu'un da aka yanka maka. Ba makami, ba kayan aiki. Dutse ɗaya ya same ka a ka, an gama.

Inda gem ɗin ya burge ni shi ne yadda abin da ke kashe ka shi ne kuma arzikinka. Akwai malam-buɗe-littafi da ke zagaya bango, taɓa shi mutuwa ce. Amma in ka haƙa rami a samansa, ka jira ya iso daidai, ka sako masa dutse, sai ya fashe ya zama lu'ulu'u tara. Akwai kogon da ba lu'ulu'u ko ɗaya a fili, dole sai ta wannan hanyar. Akwai kuma wani koren abu mai yaɗuwa kamar gansakuka. Ka toshe shi da duwatsu ta kowane gefe, ya rikiɗe ya zama lu'ulu'u gaba ɗaya. Ka yi sakaci ya girma ya wuce kima, ya zama duwatsu, wahalarka ta tashi a banza. Ga wani bango da in dutse ya faɗa ta cikinsa zai fito lu'ulu'u ta ƙasa, muddin ka riga ka share masa wurin sauka. Dokoki 'yan kaɗan ne, sai dai suna cuɗanya da juna har wani lokaci kogon ya yi abin da ba ka zata ba.

Diamond Rush bai bi wannan hanyar ba. Shi tafiya ce ta mai farautar dukiya: ka fara a Angkor Wat, tsohon wurin bauta a Kambodiya, ka wuce Bavaria ta Jamus, ka ƙare cikin ƙanƙara. Ba agogon da ke korarka. Kana da ma'aunin lafiya, maciji ya sare ka ba lallai ka mutu nan take ba. Ana buɗe akwati, ana neman makulli, ana samun guduma da ƙugiya da kamfas, sannan a ƙarshen kowace ƙasa akwai babban dodo. Jan lu'ulu'u ɓoye yake, sau da yawa sai ka koma matakin baya da sabon kayan aiki kafin ka kai gare shi. Wanda ya taɓa tura dutse ya toshe wa kansa hanya ya san maɓallin tauraro (*) na wayar: ka danna, ka sadaukar da rai ɗaya, a mayar da kai inda aka ajiye maka alama. Ni dai yatsana ya san hanyar wannan maɓallin fiye da yadda zan so in faɗa.

Wani abin lura, tsakanin Boulder Dash da Diamond Rush akwai 'yan'uwa da yawa. Repton ya fito a Ingila a 1985 a kan kwamfutar BBC Micro, wani matashi Tim Tyler ya rubuta shi bayan ya karanta sharhin Boulder Dash, bai ma buga shi ba. Emerald Mine ya biyo baya a 1987 a kan kwamfutar Amiga, sai Supaplex a 1991. In ana neman wanda Diamond Rush ya fi kama da shi a hali, zan ce Repton, saboda natsuwa da lissafi sun fi sauri muhimmanci a cikinsa.

To wanne za ka nema? In labari da yawon buɗe ido kake so, ka tsaya a Diamond Rush. In kana son ganin inda dabarar ta fi kaifi, nemi Boulder Dash na asali. Sunan bai mutu ba, kamfanin BBG Entertainment na Jamus ke riƙe da shi tun 2018. Shawarata ka fara da kogon A a mataki na ɗaya, kuma kada ka tsaya kallon dutse yana gangarowa kamar yadda ka saba a Nokia. A Boulder Dash babu ma'aunin lafiya.